Abin da Baba Ya Rubuta a Katin Sallah

Kun sha tambayata abin da ya sa nake ajiye wancan tsohon katin a akwati ɗaya da takardar digirina, na kuma sha ce muku abin tunawa da kakanku ne kawai. Ba ƙarya na yi muku ba, amma ban faɗa muku duka ba. Rukayya ce kaɗai a cikinku ta san wani abu, ita ma ƙarshen labarin ta tarar. Na daɗe ina shawara da kaina ko in rubuta wannan babi ko in tsallake shi, don babu wanda zai lura idan na tsallake. Sai dai na ga idan na bar shi, duk sauran abin da na rubuta a kaina zai zama kamar takardar neman aiki, wadda mutum ke jera kyawawan halayensa kaɗai.

Kakanku, wanda duk ƙauyukan da ke kewaye da namu a ƙasar Kafin Hausa ke kira Malam Mai Zayyana, shi ne mai ƙawata allon sauka. Idan ɗalibi ya sauke Alƙur'ani, iyayensa su kawo sabon allo, Baba ya zana masa gidaje-gidaje da alƙalamin gamba, sannan ya cike kowane gida da launinsa. Ja daga karan dafi yake samu, rawaya daga gangamau, shuɗi daga baba irin na marina, ya dama kowanne da ƙaro don ya kama. Ƙa'idar aikin kuwa, launi ba ya taɓa launi. Tsakanin ja da rawaya dole a sami baƙin layi miƙaƙƙe, siriri kamar zare. Ni ban gaji wannan ba. Ina ɗan shekara bakwai kawuna ya tafi da ni Kano makarantar boko. Alƙur'ani na karanta shi a bugaggen littafi, amma rubutun hannun malaman ƙauye, balle ajamin Hausa, ban taɓa iya shi sosai ba. Ina jami'a idan Baba ya aiko da wasiƙa, sai in karɓa in duba kamar mai karantawa, in naɗe, sannan in ce wa ɗan saƙon, to kai me ya faɗa maka da baki? Ko Baba ya san haka, ban sani ba. Ni ne ɗansa na fari, ba ya kiran sunana, Malam Ƙarami yake ce mini, kuma har yau ban tabbata ba ko girmamawa ce ko tsokana. Wataƙila duka biyun.

Bayan an ƙirƙiri jiha aka maido ni aiki Dutse, muka kama haya a Yalwawa ni da Ummanku. Ba a jima ba hannun Baba ya fara rawa. Da farko kofin shayi ne ke ƙara a kan faranti, daga baya alƙalami ya ƙi tsayawa. Ranar da ja ya zubo masa a kan rawaya a allon ɗan maƙwabcinsa, ya wanke allon ya mayar wa masu shi, ya ce su kai wa wani. Na ɗauko shi ya zauna da mu saboda asibiti. Likita ya ce ciwon ba ya kisa da wuri, amma ba ya warkewa. Baba ya zama mutum mai zama a tabarma ƙarƙashin tagar falo, a inuwar darbejiyar tsakar gida, hannayensa a cikin aljihun riga don kada a gani. Kowane mako sai ya yi zancen komawa gida.

Katin kuwa ni na fara shi, kuma ba don ƙauna ba, don tsoro. Lokacin ana yayin aika katin barka da Sallah a ofisoshi, na shago duk iri ɗaya ne, ni kuma ina so shugabana ya tuna da ni. Na tuna wata dabara da aka koya mana a darasin zane, ta shafa tawada da auduga a kan farin kwali. Wata Asabar da hantsi na zauna kusa da Baba da tawadar hatimin ofis, ja da shuɗiya, ina ta dangwalawa. Abin ya fito dabbare-dabbare kamar jikin mai ƙyanda. Na lalata kwali huɗu yana kallona.

"Malam Ƙarami, hatimi kake bugawa ko mari kake yi wa takardar?"

"Baba, haka aka koya mana."

"To wanda ya koya muku yana da fushi. Miƙo nan."

Na miƙa masa ina fargabar abin da zai biyo baya, don na san yadda yake ji idan hannun ya kunyata shi. Ya ɗaure audugar a ƙyalle ta zama ɗan ƙulli, ya tsoma, ya goge yawancin tawadar a tsumma, sannan ya ɗora a gefen kwalin. Bai yi komai ba, riƙewa kawai ya yi. Hannun ne ya yi aikin. Rawar nan da ta raba shi da alƙalami ita ta riƙa watsa launin a hankali, sama-sama, har jan ya tafi yana dusashewa ya ɓace cikin farin ba tare da an ga inda ya ƙare ba. Ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya ce wannan tawadar ta ofis wari gare ta, a samo masa karan dafi.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi da mahaifina, kuma ina ganin ban gane haka ba sai da suka wuce. Ya koma haɗa launukansa a ƙananan kofuna biyar. Ni ke yanka farin kwali mai kauri in ninka, in ɗora wani ɗan guntu a tsakiya don a bar fili fari. Shi kuma ya ɗan jiƙa fuskar kwalin da danshin ƙyalle, ya fara da launi mai haske, daga gefe zuwa ciki, kowane launi da ƙullin audugarsa. Inda launi biyu suka haɗu sai ya ɗauki sabuwar auduga busasshiya ya bi ta kan gaɓar har ta ɓace. Wannan mataki shi yake kira sulhu. Kowane kati da sunansa, sunan sararin sama: akwai asuba, akwai hantsi, akwai hadari, akwai almuru, wanda ya fi wuya domin ja da shuɗi ne, idan aka yi gaggawa sai su zama ruwan kwata. Idan ya bushe in ɗaga guntun tsakiya in rubuta gaisuwar da boko, da alƙalamin ƙarfe. Ummanku takan leƙo daga madafa ta tsokane shi.

"Baba, shekara arba'in kana raba su faɗa, yau kai ne mai ɗaura musu aure?"

"Ke dai bari, 'yar nan. Ashe ni ne nake hana su zumunci."

Ya daina zancen ƙauye. Ya daina sa hannu a aljihu. Mutanen ofishinmu suka fara nema, na Sallah, na suna, na fatan nasara ga masu jarrabawa. Idan na dawo aiki abin da yake fara tambaya shi ne, wa ya karɓa, me ya ce.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ta zo. A nan ina so in yi hattara, domin ba na so ku ɗora wa shekarar laifin da yake nawa. Babu wanda ya hana kati. Babu wanda ya zo gidana ya yi bincike. Abin da na sani shi ne mutane sun fara lura da juna fiye da da, ni kuma dama can mai lura da yadda ake kallona ne. A ofis Bature ake ce mini, saboda ina cusa riga cikin wando kuma ina yawan cewa a bi ƙa'ida. Da can dariya nake yi. A shekarar nan sai sunan ya fara yi mini nauyi. Na ajiye ƙananan kaya na koma manya, na riƙa tabbatar da an gan ni a sahun gaba. Ban ce ibadar ƙarya ce ba, Allah ne masani, amma akwai ido a cikinta.

A wannan shekara azumi ya faɗo ƙarshen shekarar Bature, Ƙaramar Sallah da Kirsimeti kusan tare. Akwai wani mai buga mana tafireta, Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, mai ladabi, wanda ya roƙe ni kati ɗaya zai aika wa mahaifiyarsa da ba ta da lafiya. Na kwana biyu ina juya maganar kafin na kai wa Baba, ina ta kewaye-kewaye, ko da matsala, ko babu, ko mutane za su ce wani abu.

"Uwarsa ce?" in ji Baba.

"Uwarsa ce."

"To a yi mata hantsi. Mara lafiya haske yake so. Kai kuma ka rubuta Allah ya ba ta lafiya. Akwai wanda ba ya so a ce wa uwarsa haka?"

Haka aka yi. Bitrus ya ji daɗi har ya nuna wa mutane a ofis, abin da ban yi tsammani ba.

Bayan kwana uku, da la'asar, Alhaji Garba ya zo gidana da wasu abokan aiki biyu. Shi ne babba a sashenmu, mutum mai barkwanci, kuma ana jin maganarsa a sama. Ana azumi, babu ruwan da zan kawo musu. Muka zauna a falo. Bayan gaisuwa ya gyara hula yana murmushi.

"Bature, ashe kai ne kamfanin katin Kirsimeti na Dutse ba mu sani ba?"

Sauran biyun suka yi dariya. Yanzu da nake tunawa, dariya ce kawai irin ta masu azumi da ke jiran magariba. Amma ni a lokacin na ji kamar an karanta mini takardar tuhuma. Na ga sunana yana yawo daga ofis zuwa ofis. Bakina ya riga ni.

"Haba Alhaji, ni da kati? Ai tsoho ne. Ka san tsufa, hannu ya lalace, ba ya iya komai. Mun bar shi ne yana 'yan shafe-shafensa kamar wasan yara, don kada ya dame mu da zancen ƙauye. Bai ma san wa ake kai wa ba."

Alhaji Garba ya dube ni, murmushin ya ragu.

"Ikon Allah. To ni da na zo roƙon guda biyu ne na Sallah, irin na Bitrus ɗin, zan aika wa surukaina. Amma tunda wasa ne, a bar dattijo ya huta."

A lokacin ne na lura da shirun. Tun shigowarsu akwai wata 'yar ƙara da kunnena ya saba da ita har ba na jin ta, ƙarar kofi yana kaɗawa a hannun Baba a bayan taga. Ta tsaya. Da na raka baƙi na dawo, Ummanku na tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne.

"Abban Rukayya, tagar a buɗe take."

Na leƙa tsakar gida. Baba ya tsuguna a gindin darbejiya yana juye kofunan ɗaya bayan ɗaya. Ja, rawaya, shuɗi, duk suka haɗu a ƙasa suka zama launin da yake ce wa ruwan kwata. Ya ɗauraye su, ya kife, ya yi alwala ya tafi masallaci. Da aka sha ruwa muka zauna a tabarma ɗaya kamar kullum. A nan ne ya kamata in durƙusa in ce Baba na yi ƙarya, na ji tsoro, ka yafe mini. Kalmomin suna bakina. Abin da ya fito shi ne:

"Baba, ɗazu baƙi ne daga ofis. Ka san mutanen ofis, sai da dabara."

"Na sani, Malam Ƙarami. Allah ya yi wa aiki albarka. Miƙo kunun."

Ya karɓi kofin da hannu biyu. Da ya gama ya mayar da hannayen aljihu. Na ce wa kaina gobe zan yi maganar yadda ya dace, idan ya huce, idan na sami kalmomin da suka fi. Goben ta yi ta matsawa. Kwana biyu bayan Sallah ya ce geron da ke rumbu yana son ido, ya kuma yi kewar masallacinsu. Na kawo hujjar asibiti, na kawo ta magani, ban kawo wadda ita kaɗai za ta tsayar da shi ba. Na sa shi a motar Kafin Hausa da kofunansa a ƙulle cikin tsohon rawani.

Ana saura mako biyu Babbar Sallah wani direban bas ɗan ƙauyenmu ya kawo mini ambulan. Kati ne, a kan ragowar kwalinmu, almuru. Ban taɓa ganin ya yi wanda ya kai shi ba. Shuɗin ya sauko, jan ya hau, babu mai iya nuna inda suka gamu. A farin filin tsakiya, wurin da nake rubutu, shi ya rubuta da kansa, da ajami, layi huɗu, haruffan suna karkarwa suna hawa kan juna. Na tambayi direban ko Baba ya faɗi wani abu da baki, ya ce a'a, cewa ya yi komai na ciki. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi ta fama. Na gane bisimilla. Na gane kalmar Sallah. Sai wata kalma da ta fito sau biyu, wadda na haɗa harafi-harafi har na tabbata: takarda.

Ku fahimci abin da wannan kalma take nufi a gidanmu. Idan dangi suna zancen karatuna, takarda suke cewa. Ya tafi neman takarda, ya samo takarda, masu takarda ba sa jin magana. Da na ga ta sau biyu a rubutun mutumin da na wulaƙanta, sai na cike sauran da kaina. Na ce faɗa ne. Na ce cewa yake takardar da na samo ita ta sa na raina shi. Kuma na san na cancanta. Ummanku ta ce in kai wa limamin unguwa ya karanta mini, minti biyu ne. Na ce zan duba. Yaya zan tsaya gaban liman, ni mai digiri, ɗan Malam Mai Zayyana, in ce ban iya karanta rubutun ubana ba, sannan in saurara yana karanto laifina da bakinsa? Kunya biyu ce, na kasa ɗaukar ko ɗaya. Na sa katin a akwati.

Na je Sallah ƙauye da kaya niƙi-niƙi, shinkafa, sukari, shadda, magungunansa. Ina ganin so nake kayan su yi maganar da na kasa. Na same shi a zaure. A gefensa ga kofunan nan biyar a jere an rufe su da ƙyalle, ga ƙwarya cike da gurzajjiyar auduga fara sol. Ana shigo da kayan yana bin kowanne da ido. Da aka gama ya dubi jakar hannuna.

"Saƙona ya iso?"

"Ya iso, Baba. Na gode. Na ji duk abin da ka ce."

"Madalla. Shi ke nan kayan?"

"Shi ke nan, Baba. Ko akwai abin da ake bukata?"

Ya kalle ni, irin kallon da yake yi wa kwali kafin ya ɗora auduga.

"Babu. An gode. Allah ya yi albarka."

Ya ja ƙyallen ya ƙara rufe kofunan. Ni kuwa a raina na ce ya jera su ne don in ga ba ya bukatata. Na kwana biyu na dawo. Da damina ta tsaya, wata Laraba da safe, aka aiko cewa ya rasu bayan sallar asuba, zazzaɓi na kwana uku. An ce mini bai bar wani saƙo ba sai addu'a.

Katin ya yi shekaru a akwatin ban sake buɗe shi ba. Rukayya, lokacin da wannan ya faru ba ki fi shekara huɗu ba. Kina aji uku a jami'a, kina karatun Hausa, aka ba ku aikin nemo tsofaffin rubuce-rubucen ajami. Kika zo kina tambaya ko Kaka ya bar wani abu. Na so in ce babu. Ummanku ta dube ni, irin duban ranar taga, sai na tashi na ɗauko. Kika zauna a bakin gado da rana tsaka, kika karkata shi wajen haske, kina bin layin da yatsa. Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe ƙyaure, na shirya jin hukuncin da na guje wa tun kina yarinya. Kika wuce bisimillar, kika karanta a hankali, kina tsayawa inda hannun ya yi rawa da yawa:

"Malam Ƙarami, barka da Sallah tun kafin ta zo. Na haɗa sabon ja, ya fi na da. Nan babu takarda mai kauri, wannan ce ta ƙarshe. In za ka zo ka taho da takarda da alƙalaminka, in shafa ka rubuta."

Kika ɗago kina murmushi, don ke a wurinki wasiƙa ce mai daɗi daga kaka zuwa ga ɗansa.

"Allah sarki Kaka. Abba, ka kai masa?"

Ban amsa miki ba a ranar, na ce ana kiran sallah, alhali da saura. Ga amsar yanzu, ke da ƙannenki. Kwalin yana nan a lokacin, rabin ƙunshi, a saman kwabar ɗakina a Yalwawa, alƙalamin ma yana aljihun jakar da ya duba. Shinkafa na kai masa.